Kwamfuta da Sunan Ɗan Farina

Hannuwana sun fara ƙin jin maganata ne tun ina koyarwa a firamaren garinmu, nan gefen Makoda. Da farko alli ne yake suɓuce mini a gaban allo, yara su yi ta rige-rigen ɗauko mini. Daga baya yatsun suka kumbura, suka karkace, har ɗaurin ɗankwali ya zama aiki. A asibiti aka ce sanyin ƙashi ne mai cin gaɓoɓi, aka haɗo ni da ƙwayoyi. A gida kuwa ba saiwar da ban sha ba, ba man da ba a shafa mini ba. Lokacin da na yi ritaya, ko cokali sai na tallabe shi da tafin hannu biyu.

Ciwon da sauƙi a kan zaman. Ni ba mace ce mai zama ba. Da safe ina aji, da rana ina kan turmi ina matsar mai, da yamma in jawo takarda in yi rubutu. Na faro wani littafi a kan matan unguwarmu da sana'o'insu, na kai rabi, biro ya gagare ni. Sai na koma yawo a cikin gida: daga ɗaki zuwa gindin rumbu, daga gindin rumbu zuwa bakin zaure, in leƙa gonakin da suka kewaye mu, in dawo. In ga ana abu ba daidai ba, in yi ta faɗa, don ba ni da hannun da zan karɓa in yi da kaina. Faccalata, matar ƙanen Malam maigidana, wadda muka tsufa tare a gida ɗaya, ta ce na fi kaza mai neman wurin ƙwai zirga-zirga. Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni.

Ɗan farina ne ya zo da kwamfutar.

Ɗan fari kuwa kowa ya san yadda ake da shi. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta zo ta goye shi ta tafi da shi ƙauyensu na wajen Watari, can ya yi wayo. Ga shi kuma sunan mahaifin Malam aka sa masa, abin ya zame mini biyu: kunyar ɗan fari da kunyar suruki. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan ba. In da ƙannensa nake magana, in ce yayanku. In da Malam ne, in ce yaron nan. In da baƙi ne, in ce na wajen Inna. Da ya isa shiga makaranta aka dawo da shi, har ya zauna a ajina shekara guda. Kullum da safe in ina kiran suna, idan na zo kansa sai in ɗaga ido, in gan shi, in sa masa alama, in wuce na gaba. Duk yaran suna amsawa, shi kaɗai ba ya amsawa, don ba a kira shi ba. A nan ya koyi ce mini Malama, kuma a haka ya girma, ya yi aure, ya buɗe shagon gyaran waya da kwamfuta a wajen Ungogo.

Inna ta rasu ana shuka. Bayan an yi noman farko sai ga shi a kan babur, da jaka a baya da farantin sola ɗaure a kujera. Ya gaishe da mahaifinsa, ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar yadda na saba. Ya hau kan ɗaki ya kafa solar, ya sauko, ya ajiye kwamfutar a kan ɗan teburin da nake duba jarrabawa a da. Ya ce ya sa mata wata manhaja da take jin magana, ba sai an taɓa ta ba. Ya saƙala mini wani abu a kunne mai ɗan ƙarfe da ya zo daidai bakina. Hannunsa ya taɓa ɗankwalina, na kauce.

Ya ce in ce mata ta farka, da Turanci. Na faɗa ina jin kaina kamar mai taɓin hankali. Sai ga ta ta yi haske. Ya ce in ce ta buɗe wurin rubutu, ta buɗe. Ya ce in faɗi duk abin da na ga dama da Hausa, na ce bismillah, na faɗi sunan garinmu, sai ga baƙaƙe suna jeruwa su kaɗai. Gaskiya na ji daɗi, daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba, amma ban nuna ba. Umarni da Turanci take karɓa, rubutun Hausa kuwa sai da sabis, sabis ɗin kuma sai a bakin tagar da take kallon gonar dawa. Ya ja teburin can. Ya nuna mini cewa in na ga abu a fuskarta ban san yadda ake kiransa ba, in ce ta fito da lambobi, za ta ɗora lamba a kan kowane abu, sai in faɗi lambar wanda nake so.

Da ya gama ya ce saura abu ɗaya. In wani abu ya rikice ba sai na nemi mai danna mini waya ba, in ce wa kwamfutar ta kira shi. Na tambayi ƙofa, ba shi ba, cewa me mutum zai ce. Ya ce kalmar kira da Turanci, sannan sunansa. Na ce a canza, a rubuta mai gyara ko wani abu. Ya ce canzawa ba wuya, ko minti ba za a yi ba. Ya ci gaba da naɗe wayar caji a hannunsa, bai canza ba.

"Malama," ya ce, "tun da Inna ta rasu ba wanda ya ƙara kiran sunana a cikin dangi. Baba ba ya faɗa, ke ba kya faɗa, matata ba ta faɗa. Sai masu kawo gyara."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tashi na fita na bar masa ɗakin, na je na tsaya a gindin rumbu har na ji tashin baburinsa. Na gaya wa Malam cewa zaman birni ya cire wa yaron nan kunya. Malam ya ce in yi haƙuri, mutuwar ce ba ta sake shi ba, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Kwamfutar dai na riƙe ta, kuma ta yi mini rana. Sai dai aiki da ita a gida irin namu sai mai haƙuri, ni kuwa ba ni da shi. Duk abin da ta ji sai ta rubuta. Ina tsakiyar bayanin yadda ake toya ƙuli-ƙuli wata za ta yi sallama, dole in amsa, in duba in ga amsar sallamar ta shige cikin ƙuli-ƙulin, har da tambayar lafiyar yara. In manta ban ce ta yi barci ba, in yi wa akuya tsawa, tsawar ma ta shiga littafi. In ce ta goge, ta goge abin da nake so ta bar shirmen. Na zage ta ya fi a ƙirga. Rubutun da nake yi da bakina a rufe shekara da shekaru ya koma abin da duk mai wucewa ta bayan taga yake ji. Matan gida suka fara gyara mini labari daga tsakar gida. Faccalata takan ɗago murya ta ce ba haka aka yi ba, wance ba ta taɓa sayar da daddawa ba, ƙanwarta ce. Mafi yawan lokaci kuma ita ce da gaskiya.

Littafi ya ci gaba da tafiya, amma hankalina bai kwanta ba. Duk lokacin da kwamfutar ta farka, a gefe ɗaya akwai wurin kira, kuma ga hotonsa nan da sunansa a ƙasa. Shi kaɗai ya sa. In kawar da kai, in ci gaba da aiki, in sake duba wurin. Sai in tashi da abin kunnen a kaina in yi ta kai-komo a ɗaki ina ba kaina amsa. Ni na ƙirƙiro kunya? Haka Inna ta yi wa yayanmu, kuma har ya koma ga Allah ban ji ya yi ƙorafi ba. Da yana Watari, wa yake ɗinka masa riga ya ba mai mota ya kai? Da ya yi ƙyanda, wa ya kwana uku bai ci abinci ba, alhali ko zuwa duba shi ba zan iya yi a gaban mutane ba? Rashin faɗar sunan ai girmamawa ce, kowa ya sani. In gama kawo hujjojina kaf, ba wanda ya musa mini, amma in kasa zama.

Ana nan, wurin rubutun ya ƙi buɗewa. Na yi umarnin duniyar nan, ta yi biris da ni. Ina tsaye ina huci sai dabara ta faɗo mini. Na ce ta fito da lambobi. Ta ɗora su a kan komai, hotonsa ya samu lamba huɗu. Na ce huɗu. Sai ga ƙarar kira a kunnena.

Ya ɗauka da sauri. Na ji muryarsa ta canza, ta koma ta yaro. Ya yi ta tambaya ko ni ce, ko lafiya, ko da kwamfutar na kira. Na ce da ita. Ya ce ta ji ni ke nan, ba ta ba ni wahala ba? Ni kuwa don jin daɗin wayona na ba shi labarin yadda na yi, har ina dariya, na ce ai shi ya koya mini lambobin. Shi bai taya ni dariyar ba. Can ya ce to, ai hakan ma ya yi. Ya gaya mini abin da zan ce wurin rubutun ya buɗe, ya buɗe, ya ce a gaida Baba.

Daga nan ya daina zuwa. Da can duk ƙarshen mako sai mun ji baburinsa, yanzu sai dai saƙo. Ya ba direban bas magungunana, ya ba shi sabuwar wayar caji, ya ba shi lemo. In na kira da lambar yana ɗauka, ya gaishe ni da ladabi, ya warware mini abin da ya rikice, shi ke nan. Ban taɓa samun sa da laifin da zan riƙe ba, wannan ya fi komai ba ni haushi. Da ya yi mini rashin kunya da na san abin da zan yi.

Wata rana muna zaune da faccalata tana tsince wake, ni ina kallon hannunta ina jin kishi, na ba ta labarin duka. Na zaci za ta goya mini baya, don ita ma ba ta faɗar sunan babbar 'yarta. Ta ce yaran yanzu sai addu'a, ta ce ita da 'yarta ta yi mata haka da ta ci mata mutunci. Sai kuma ta rage murya ta ce amma ita in ta yi sujada takan faɗi sunan, ai ba mai ji sai Allah. Ta tambaye ni ko ni ma haka nake yi. Na ce a'a. Ni ko a addu'a cewa nake yi ɗan nan da Ka fara ba ni. Ta yi dariya har waken ya zube, ta ce kunyata ta wuce ta mutane. Ni ban yi dariya ba.

Kaka ta yi, aka fara cirar gyaɗa. Ko'ina ka duba a gonaki mutane ne a sunkuye, amalanke na shigowa da ita da ganyenta ana jibgewa a tsakar gida. Wannan ne lokacin da na fi so a shekara, kuma shi ne yanzu ya fi ƙona mini rai, don ko ƙwaya ɗaya ba na iya tsigewa. A cikin wannan hidimar Malam ya dawo daga gona, yana wanke ƙafa, ya ce yaron nan ya kira shi. Wai wani abokinsa ya samo masa aiki a kudu, zai rufe shago ya tafi da iyalinsa da zarar an gama kaka. Ya faɗa kamar yana ba ni labarin farashin taki. Na ce yaushe aka yanke wannan shawarar? Ya ce an kwana biyu, ya ɗauka yaron ya gaya mini.

Bai gaya mini ba. Ko a makon mun yi magana, ya koya mini yadda ake ce mata ta ajiye aiki, amma bai ce mini komai ba. Na ga sarai yadda za ta kasance: zai tafi, zai riƙa aiko da magani, zan riƙa faɗar lamba yana amsawa da ladabi, har ranar da za a kira shi a ce ya zo jana'iza. Na ji tsoro, kuma na ji haushin kaina da nake jin tsoron.

Washegari da hantsi gidan ya cika da mata 'yan tsigar gyaɗa, namu da na maƙwabta, an zauna an kewaye tsibin, ana hira ana shewa, rediyo na yi. Faccalata tana gefe tana surfe. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga na fito. Wata ta ce Malama ko wani abu kike nema, na ce ba komai. Na so in jira su watse, na san ba za su watse ba sai la'asar, kuma na san kaina, in na kai la'asar na fasa. Na tura ƙofa da kafaɗa, ta ƙi rufuwa sosai, na bar ta. Na lallaɓa na saƙala abin kunnen da bayan hannu. Taga kuwa dole ta zauna a buɗe saboda sabis.

Na ce ta farka, ta farka. Na kalli hoton. Na faɗi kalmar kiran, sannan na faɗi sunan can ƙasa, yadda ni kaina da ƙyar na ji. Kwamfutar ta rubuta cewa ba ta ji ba, in sake. Na dubi ƙofa, na sake faɗa da ɗan ƙarfi. Ga turmi, ga rediyo, ga surutu, ta sake cewa ba ta ji ba. Na ce yau ga jaraba. Na ƙara murya na faɗa a karo na uku. Wannan karon ba ta ce komai ba, sai wani ɗan da'ira da yake ta juyawa a kan hoton, ba ƙarar kira, ba komai.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na kashe kunyar shekara da shekaru, ƙarfen banza ya tsaya yana yi mini yanga? Na manta da kalmar Turancin, na manta da taga, na manta da mata. Na miƙe tsaye na kira sunan da muryar da nake kiran suna a aji, wadda ake ji har ofishin hedimasta.

Turmi ya tsaya. Hira ta tsaya. Rediyo kaɗai ya rage yana magana a tsakar gida.

A cikin kunnena aka ce, "Na'am."

Ashe kiran ya shiga tun a na ukun, hoton ne bai nuna ba. Ya ɗauka yana saurare, ni ban sani ba. Na zauna a bakin gado. Ina jin hayaniyar titi ta wajensa, da ƙahon Keke Napep, da numfashinsa. Duk maganar da na shirya a kan tafiya kudu ta gudu. Na san matan nan sun ji, na san kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa, na rasa inda zan sa fuskata. Sai na ji faccalata ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da surfe da ƙarfi, ƙarfin da ya fi na ɗazu, tana yi wa matan faɗa wai sun zo tsiga ne ko sun zo hutu. Hira ta dawo a hankali.

Ya yi gyaran murya.

"Malama, sabis ɗin ba kyau," ya ce. "Ban ji sosai ba."

Sabis lafiya lau yake, har ƙarar cokalin mai shayin da ke kusa da shagonsa ina ji. Na matso da ɗan ƙarfen kusa da bakina da bayan hannu, na sake kiran sunansa.